Fudin ɗin fasimon na turara: tambayoyi da amsoshi

Daga watan Oktoba zuwa Disamba ne fasimon yake cika kasuwa a Amurka da Turai, kuma lokacin ne tambayoyi suke yawa a kan wannan fudin ɗin da ake turarawa, wato kayan zaƙi mai kama da kek da ake yi da fasimon ɗin, musamman daga 'yan uwanmu mata da suke zaune can, wata maƙwabciya ta kawo mata kwando guda ta rasa yadda zata yi da shi, wata kuma an gayyace ta cin abinci ta ɗanɗana ta kasa mantawa. Ga su nan wuri ɗaya. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai kin yi haƙuri don zancen yana da tsawo.

Wai menene fasimon ɗin ma tukuna?

Ɗan itace ne mai launin ruwan lemo, yana nuna a ƙarshen shekara lokacin da sanyi ya fara shiga. Abin da zai ba ki mamaki, dangin kanya ne, kanyar nan tamu ta daji da yara suke tsinta, masana tsirrai sun sa su a gida ɗaya mai suna Diospyros. In kin taɓa gatsar ɗanyar kanya bakinki ya ɗaure toh kin riga kin san rabin labarin fasimon.

Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai na Asiya mai girma, wanda Sin ta fi kowace ƙasa nomawa, ana kuma noma shi sosai a Japan da Koriya da Sifaniya, shi ne na kantuna. Akwai kuma na daji na gabashin Amurka, ƙanana ne masu ƙwallaye da yawa, ba kasafai ake ganinsu a kanti ba sai dai a tsinta a gindin bishiya. In zaki nema a ƙasashen da ake Faransanci ki ce kaki, a Saudiyya da Masar kaka suke cewa, a Ingila kuma sau da yawa zaki ga an rubuta Sharon.

Na je kanti na ga Hachiya na ga Fuyu, wanne zan ɗauka?

Dukansu irin na Asiya ne, amma Hachiya zaki ɗauka, ba sai kin tsaya tunani ba. Shi ne mai ɗan tsawo da tsini a ƙasa. Fuyu gajere ne mai faɗin gindi kamar tumatir, ana cinsa da taurinsa a yanka a ci haka, yana da daɗi amma don fudin ba shi ba ne na farko, saboda ko ya nuna namansa ba ya narkewa ya zama ruwa-ruwa mai kauri irin na Hachiya, zaƙinsa ma bai kai ba. In Fuyu kaɗai kika samu ba asara, ki ajiye shi har ya wuce lokacin da mutane suke son cinsa, ya yi laushi sosai, ki bare ki markaɗa a bilenda. Zai yi, sai dai fudin ɗin zai ɗan fi bushewa ƙamshin kuma ya ragu.

Na Sifaniya da ake kira Rojo Brillante da kuma Sharon na Isra'ila su labarinsu daban, asalinsu masu bauri ne amma kafin a kai su kasuwa ana rufe su cikin iskar kabon dayokzayid ta kashe baurin, shi yasa zaki ci su da tauri ba su ɗaure miki baki ba. Su ma sai kin bar su sun yi laushi kafin su shiga ƙwaɓi.

Ta yaya zan gane ya nuna yadda ake so?

Nan ne yawancin mutane suke faɗuwa, kuma in kin tsallake nan sauran aikin mai sauƙi ne. Hachiya da ya isa yin fudin shi ne wanda in baki sani ba zaki ce ya lalace ki zubar. Ya yi tuɓus, fatar ta yi sheƙi har kamar kina hango cikinsa, launin ya koma ja-ja, in kin ɗaga sai da tafin hannu don yatsa zai iya fasa shi, hular ganyen da ke kansa kuma kina ja zata cire ba gardama. Cikin sai dai a kwashe da cokali. In har wuƙa tana iya yanka shi gunduwa-gunduwa ya tsaya da kansa, bai yi ba, ki mayar ki jira.

Kuma ki duba kowanne ɗaya-ɗaya, ki lakaci kaɗan ki sa a baki kafin ki haɗa su a kwano guda, don guda ɗaya da bai ƙarasa ba ya isa ya ɓata sauran. Baƙin tabo a fatar ba komai ba ne. Wari mai tsami ko furfura su ne alamar a zubar.

Biki ya matso nawa kuma har yanzu tauri gare su, akwai dabara?

Ki sa su a jakar takarda da ayaba nunanniya ko tuffa ɗaya, ki naɗe bakin ki ajiye a ɗaki ba firji ba. Ayaba da tuffa suna fitar da wata iska mai suna etilin da take hanzarta nuna, cikin 'yan kwanaki zaki ga canji, ki dinga leƙawa kullum don ba tare suke nuna ba. Kar ki sa a leda, gumi zai ruɓar da su.

Ɗaya dabarar firiza ce, a daskarar a fito da shi ya narke. Yana yin laushi kam, baurin ma yana raguwa, amma gaskiya ni ban cika yarda da ita ba in fasimon ɗin ɗanye ne shataf, don sanyi laushi yake kawowa ba zaƙi ba. Wanda ya kusa nuna ne take yi wa amfani. Abin da ya fi shi ne ki saya da wuri, sati biyu ko fiye kafin ranar, wanda ya nuna ki kwashe naman ki daskarar ki jira sauran.

Me yake kawo baurin nan, kuma yana da illa?

Wani sinadari ne da ake kira tanin, irin wanda yake cikin goro da shayin da ya daɗe a wuta, sai dai a ɗanyen Hachiya ya yi yawa ainun. Yana kama miyau da fatar baki sai ki ji harshe ya bushe ya ɗaure. Da ɗan itacen ya nuna sosai tanin ɗin yana dunƙulewa ya daina narkewa a baki, shikenan sai zaƙi. Tun farkon shekarun 1600 Kyaftin John Smith, Baturen Ingila da ya zauna a garin Jamestown na Amurka, ya rubuta cewa ɗanyensa yana murguɗe wa mutum baki da azaba, in ya nuna kuwa daɗi gare shi, kinga ba yau aka fara ba.

Ɗanɗanawa ba ta komai. Amma cin ɗanye da yawa, balle da yunwa ciki ba komai, yana iya dunƙulewa a ciki ya zama wani curi mai tauri da likitoci suka san shi, ya fi kama waɗanda aka taɓa yi wa tiyatar ciki. A hana yara wasa da ɗanyen.

Shi wannan fudin ne ko kek? Daga ina ya fito?

Tsakani yake. Ya fi kek danshi da nauyi, yana yankuwa da wuƙa amma da cokali ake ci. Turara ƙwaɓi a rufaffen kwano tsohuwar al'adar Ingila ce, irin fudin ɗinsu na Kirsimeti, fasimon kuma ɗan itacen da Turawan suka tarar 'yan asalin Amurka suna ci suna busarwa suna burodi da shi, a Amurka aka haɗa biyun.

Yanzu salo biyu ake da su. A jihar Indiyana da wasu jihohin kudu da na daji ake yi, ana jira ya faɗo ƙasa da kansa a tsinta, a murje a rariya a fitar da ƙwallaye, yawanci kuma gasawa suke a obin ya fito da laushi sosai a yanka murabba'i. Garin Mitchell a kudancin Indiyana tun 1947 suke bikin fasimon duk watan Satumba, har da gasar wa ya fi iya fudin. Mutanen can suna da wani camfi mai ban dariya, a tsaga ƙwallon a duba farin abin da ke ciki, in siffar cokali ce wai za a sha dusar ƙanƙara, in cokali mai yatsu ne sanyin zai zo da sauƙi, in wuƙa ce iska mai yanka jiki. A Kalifoniya kuwa, inda aka dasa irin na Japan tun ƙarni na 19 har ya zama a bayan gidaje da yawa akwai bishiyar, da Hachiya ake yi kuma an fi turarawa a mazubi mai murfi. Wannan na biyun shi muke magana a kai.

Toh a ba mu kayan haɗi da awo

Da kofin awo mai mililita 240 nake magana, kuma wannan zai ishi mutum 8. Naman fasimon kofi 1, wato manyan Hachiya 2 ko 3. Bekin soda ƙaramin cokali 2. Bota rabin kofi, giram 113 kenan, mai laushi ba narkakke ba. Sukari kofi 1. Ƙwai 2. Fulawa kofi 1. Kirfa ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwan lemon tsami babban cokali 1, ruwan lemon zaƙi babban cokali 2, zabibi kofi 1 ko ƙasa da haka, sai gyaɗar Turawa ta walnot ko fekan rabin kofi a daddatsa.

Wasu suna kai sukari kofi 1 da rabi, a ganina ya yi yawa, nunannen Hachiya shi kansa zuma ne ga zabibi kuma. Kayan ƙamshi ma kar ki sake hannu. Fasimon ƙamshinsa sanyi gare shi, in kika zuba citta da kanumfari irin na kunun zaƙi sun rufe shi kenan, kin yi kek ɗin kayan yaji ba fudin ɗin fasimon ba. Kirfa ta isa, in kina so ki ƙara ɗan garin citta kwatan cokali. Ba walnot? Kashu ya yi daidai. Soyayyar gyaɗa ma tana shiga amma ƙamshinta yana da ƙarfi, kaɗan zaki sa.

Yaya ake haɗawa daga farko har ƙarshe?

Ki fara da tukunya kafin ƙwaɓi. Babbar tukunya mai murfi da mazubin zai zauna ciki ba tare da ya taɓa gefe ba, ki sa wani abu a gindinta, ƙarfen ɗora tukunya ko murafan kwalba ko ƙaramin tawul a ninke, don kar gindin mazubin ya zauna a kan wuta kai tsaye. Ki ɗora ruwan zafi a buta. Ki shafe mazubin da bota sosai har cikin lungu-lungu da murfin, ki barbaɗa sukari ko fulawa ki juya ki kakkaɓe.

Sai ki kwashe naman fasimon ki dama da cokali mai yatsu ko ki tace a rariya, ki auna kofi 1, ki zuba bekin soda ki juya ki ajiye gefe. A wani kwano ki buga bota da sukari har su yi haske, ki fasa ƙwai ɗaya-ɗaya kina bugawa, ki zuba ruwan lemon biyu, sannan fasimon ɗin. Ki tankaɗe fulawa da kirfa da gishiri a kai ki juya a hankali, da zarar farin fulawa ya ɓace ki tsaya, yawan juyi danƙo yake kawowa. Zabibi da gyaɗa su ne ƙarshe, ki ɗan mulmula su a fulawa kafin ki zuba don kar duk su nutse.

Ki juye a mazubi kar ya wuce biyu bisa uku don zai tashi, ki rufe ruf, ki zaunar a tukunya, ki zuba ruwan zafi ta gefe har ya kai rabin tsawon mazubin. Ki rufe tukunya, in ya tafaso ki rage wuta ya dinga ɗan motsi kawai ba tafasa mai tsalle ba. Awa 2, wani lokacin har 2 da rabi in mazubin mai zurfi ne. Duk bayan rabin awa ki duba ruwan, in ya ja ki ƙara, kuma na zafi ba na sanyi ba. Murfin mazubin kansa kar ki taɓa shi sai awa 2 ta cika, a nan ne zaki soka tsinke a tsakiya, in ya fito da ɗan ɓurɓushi mai danshi ya yi, in ɗanyen ƙwaɓi ya biyo shi ki mayar ki ƙara minti 20. In kin sauke ki buɗe ki bar shi ya huta kamar minti 15 zuwa 20 kafin ki kife a faranti.

Ba ni da irin mazubin nan nasu mai murfi, sai na saya?

A'a dan Allah ki riƙe kuɗinki. Duk wadda ta iya alkubus ta iya wannan, hanyar ɗaya ce, a shafa mai a gwangwani a zuba ƙwaɓi a bar tururi ya yi aikinsa, bambancin kawai wannan yana son a rufe bakinsa kuma yana daɗewa a wuta. Kwanon silba ko na tangaran mai jure zafi da zai ɗauki lita 2 ya wadatar, ki sa takardar gashi da kika shafa wa bota, ki ɗora foyil ninki biyu ki ɗaure da zare a ƙasan leɓen kwanon, ki ɗan yi wa foyil ɗin ninki a tsakiya don ya samu wurin tashi. Matan Amurka na da ma da gwangwanin garin kofi suke yi. Ƙananan gwangwanaye na mutum ɗaya-ɗaya minti 40 zuwa 50 sun isa, kuma sun fi sauƙin rabo in baƙi da yawa. In da madambaci zaki yi ya halatta, sai dai ki toshe inda tururi yake gudu ki ƙara lokaci kaɗan tunda ruwan ba ya taɓa mazubin. Leda dai kar a yi, awa biyu a zafi ba abin leda ba ne.

Na zuba bekin soda a fasimon ɗin sai ya daskare ya zama curi guda, ya lalace ne?

Bai lalace ba, haka yake yi. Cikin 'yan mintuna yake kamewa, ki farfasa da cokali mai yatsu ko mabugin ƙwai ki ci gaba, ƙananan gudaje zasu narke a wuta.

Zan iya sa bekin foda maimakon soda? Kanwa fa?

Bekin foda zai tayar da ƙwaɓin amma ba zai ba ki fudin ɗin da ake magana ba. Soda aiki uku take yi a nan, tana tayarwa, tana danne ragowar baurin da zafi yake iya dawo da shi ko da fasimon ɗin ya nuna, sannan ita ce take kawo duhun launi da wannan ɗanɗanon mai zurfi kamar an sa ƙonannen sukari. Da foda kaɗai zai fito fari-fari ɗanɗanonsa salam. In kina jin cokali 2 ya miki yawa har kina jin ɗanɗanon sabulu, ki rage zuwa 1 da rabi, amma kar ki cire lemon tsami don shi yake daidaita ta.

Kanwa kuwa na san dalilin tambayar, dangin juna ne da soda kuma mun saba da ita a girki. Matsalar ita ce ba ta da awo, wata ta fi wata ƙarfi, ga ƙasa ga ɗaci, a miyar kuka ko wake zaki iya gyarawa kina ɗanɗanawa amma ƙwaɓin da zai shiga rufaffen kwano awa biyu ba damar gyara. Bekin soda ba tsada, ki saya.

Ƙwaɓi mai launin ruwan lemo na zuba, na buɗe na ga ya koma kusan baƙi, ƙonewa ya yi?

Abin da ake nema kenan, kin ci nasara. Mutane da yawa in suka gani suna rantsewa akwai cakulan a ciki alhali babu ko ɗigo. Soda da sukari da tanin da dogon zafi su suka haɗu suka rina shi, kuma iya daɗewarsa a tururi iya duhunsa. Ƙonewa a turara ba ta faruwa sai in ruwan tukunya ya ƙafe, wannan kuma hancinki zai gaya miki kafin idonki.

Na ji ana cewa da barasa ake yi, gaskiya ne?

Gaskiya ne a girke-girkensu da yawa. Wasu suna sa burandi ko ram cokali 2 a ƙwaɓi, wasu suna jiƙa zabibi a ciki, sannan miyar bota da sukari da ake ɗorawa a kai yawanci da burandi ake dama ta, a Ingila ma har zuba wa fudin ɗin Kirsimeti suke a kunna masa wuta a kai tebur. Don haka in an ba ki a gidan mutane ki tambaya, ba abin kunya ba ne, sun saba da irin tambayar. Kuma kar ki yarda da zancen wai duk tana ƙonewa a wuta, ba duka take tafiya ba, balle a rufaffen mazubi, ta kan miyar kuwa ba a ma dafa ta.

Naki na gida ba ya buƙatarta ko kaɗan, shi yasa kika ga ruwan lemon zaƙi a awon da na bayar, ki jiƙa zabibin a cikinsa da ɗumi minti 15 su kumbura. Wani abin lura shi ne ruwan banila na kwalba, a dokar Amurka na asalin dole ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin 100, in kina gudu akwai na gari akwai wanda aka rubuta babu barasa, ko ki bar shi gaba ɗaya ki kankare bawon lemo a madadinsa.

Abincin Kirsimeti ne kawai?

Abincin kaka ne da sanyi. Fasimon yana nuna daidai lokacin bikin godiya na Amurka da ake yi Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ya zarce har Kirsimeti da sabuwar shekara, shi yasa ya zama na teburin biki. 'Yan uwa Kiristoci da suke neman abin da za a ci bayan shinkafa da kaza a Disamba ga shi nan, mai son yi da Sallah ko suna ko walima kuma ta daskarar da naman fasimon ɗin kofi-kofi a firiza, yana kai watanni 6 lafiya lau in dai wuta ba ta yawan ɗaukewa.

Mu da muke gida fa, ina zamu samu? Kanya zata yi?

Manyan kantunan da suke shigo da 'ya'yan itace a Abuja da Legas da Kano ne wurin dubawa, na Sifaniya a ƙarshen shekara, na Afirka ta Kudu kuma wajen Afrilu zuwa Yuni don su lokacinsu a juye yake. Tsada kam akwai, amma 3 kacal kike buƙata.

Kanya kuma, tunda 'yan gida ɗaya ne tunanin yana kan hanya, mutanen Indiyana ma da ƙananan na daji masu ƙwallaye suke nasu. Sai dai kanya namanta kaɗan ne kuma ya fi bushewa, kafin ki tara kofi guda sai kin jiƙa mai yawa a ruwan ɗumi kin murje kin tace, abin da zai fito kuma ba zai yi santsin fasimon ba. Mai ƙarfin hali ta zaɓi wadda ta nuna sosai ta ƙara mata markaɗaɗɗen dabino don kauri. In kuma kawai fudin na turara mai duhu da laushi kike so, dafaffiyar kabewa da aka dama rabi da jiƙaƙƙen dabino rabi sun fi komai kusa, ki rage sukari zuwa rabin kofi. Ayaba tana yi amma ƙamshinta yana mamaye komai. Gwanda ruwa ya mata yawa.

Nawa ya fito da matsala, ina kuskuren?

In tsakiya ya lotsa ya yi caɓal, ko lokaci bai cika ba ko wutar ta yi ƙasa har ruwan ya daina motsi, ko an ƙara ruwan sanyi a tsakiyar dahuwa, ko kuma an ga fasimon ya rage an ce bari a juye duka kar a yi asara, kofi 1 aka ce. In sama ya jiƙe ya yi yauƙi, rufin ne bai kama ba ruwan murfin tukunya ya ɗiga ciki. In ya ƙi fita daga mazubi, ko botar ta yi kaɗan ko an bar shi ya huce gaba ɗaya a ciki sukarin ya kama, ki tsoma gindin a ruwan zafi minti 2 ki zagaya da wuƙa ki sake kifewa. In kuwa ya fashe wajen kifewa an yi gaggawa ne, ki kwashe da cokali a ƙananan kwanuka ki zuba miya a kai, ba wanda zai sani.

In bauri kike ji bayan ya dahu, wannan ba gyara, fasimon ɗin ne bai nuna ba.

Da me ake ci?

Da ɗuminsa, da wani abu mai sanyi ko mai tsami a kai don shi nauyi gare shi. Ni na fi son miyar lemon tsami: sukari rabin kofi, garin konfulawa babban cokali 1, ruwa kofi 1, a dafa ana juyawa har ya yi kauri ya yi garau, a sauke a sa bota cokali 2 da ruwan lemon tsami cokali 3. Bugaggen kirim ko ayis kirim ma suna tafiya da shi, kastad mai ɗan ruwa-ruwa kuwa yara sun fi so. Mai son ta gargajiyarsu ta buga bota rabin kofi da garin sukari mai laushi kofi 1 da ruwan lemon zaƙi cokali 1, ta sa a firji ya kama, ana ɗora cokali guda a kan yanka mai zafi yana narkewa. Yanka ƙanana, musamman ga masu ciwon suga, don ba abin cika ciki ba ne.

In ina da obin ba sai na gasa kawai ba?

Zaki iya, a digiri 160 zuwa 170 na ma'aunin Salsiyas kamar awa 1, ki rufe da foyil ki zaunar da kwanon cikin tire mai ruwan zafi. Zai fi saurin yi, amma ba zai kai na turara duhu da danshi ba. Kuma ranar biki obin ya riga ya cika da nama, tukunya a kan risho ko gawayi a gefe ba ta tare wa kowa wuri.

Zan iya yi tun kafin ranar? Kwana nawa yake yi?

Ya ma fi daɗi in ya kwana, ƙamshin yana zama jikinsa yana ƙara haɗuwa. Ki bari ya huce sarai, ki naɗe da kyau ki sa firji, kwana 4 zuwa 5 ba matsala, a firiza kuma wata 2 zuwa 3. A waje kar ya wuce yini a garin zafi don danshinsa yana jawo furfura da wuri. Ranar da za a ci ki sake shafa bota a mazubin da kika dafa shi, ki mayar da shi ciki ki rufe ki turara minti 30, in daga firiza ne ki sauko da shi firji tun daren jiya ya saki tukuna. Miyar kuma ranar zaki yi ta, in ta yi kauri da yawa kafin baƙi su iso ki ɗiga ruwan zafi kaɗan ki juya.